Filin Tambaya da Amsa: Yadda Doka Ta Ce A Ba Da Kwangilar Gini A Ƙaramar Hukuma

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke: ajin da aka bari a linta, kwalbatin da ruwa ya tafi da shi, da ɗan kwangilar da ya gama aiki yana ta sintiri a sakatariya. Mun zaɓi guda bakwai, lauya da injiniyan da ke amsa tambayoyin wannan fili suka haɗu a kansu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wa ƙaramin kamfanina na gini rajista, ina son in fara neman aiki a ƙaramar hukumarmu. An ce min akwai dokar kwangila ta tarayya ta 2007. Ita ce ke hawa kan ciyaman ɗinmu?
Wani matashin magini, jihar Kano

Amsa: Wa alaikumus salam. Dokar da aka gaya maka tana nan, ita ce ta kafa BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya da ke Abuja. Amma sashe na 15 ya faɗi waɗanda ta hau kansu: gwamnatin tarayya da hukumominta, sai kuma duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ya fito daga kason gwamnatin tarayya. Kuɗin wata-wata da ƙananan hukumomi 774 ke samu daga asusun tarayya nasu ne, ba kason gwamnatin tarayya ba ne. Saboda haka idan ciyaman zai gina rumfunan kasuwa da kuɗin ƙaramar hukuma, dokar jiharku za ka nema.

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda ƙananan hukumomi za su tafiyar da kuɗinsu. Kaduna ta yi dokar kwangilarta a 2016, ta kafa hukumar kwangila ta jiha, KADPPA. Kano ta yi tata a 2021. Jigawa na da hukumar bin ƙa'ida da sa ido kan ayyuka. Galibin waɗannan dokoki a kan ta tarayya aka zana su, shi ya sa za mu riƙa kafa misali da ita a nan, amma adadin kwanaki da kaso-kaso kan bambanta daga jiha zuwa jiha. Ka samu kwafin ta jiharku ka ajiye kusa. Ban da ita akwai kundin ƙa'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi, wanda ma'aji da mai binciken kuɗi ke aiki da shi kullum, da takardun umarnin da ma'aikatar ƙananan hukumomi ke fitarwa kan iyakar kuɗin da ciyaman zai iya amincewa da shi shi kaɗai.

Wasu na cewa hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya 'yantar da ciyamomi daga duk wannan. Ba haka ba ne. Kotun ta ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa ba, kuma kantoman riƙo ba shi da hurumin karɓar kuɗin. Ba ta soke ƙa'idar ba da kwangila ba.

Tambaya: Don Allah ku bayyana mana matakan da ake bi tun daga farko har a miƙa wa mutum takardar kwangila. Mu dai sai mu wayi gari mu ga an sauke yashi.
Sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari, jihar Jigawa

Amsa: Malam Sakatare, sauke yashi shi ne kusan mataki na ƙarshe. Aikin gini a takarda ake fara gyara shi, a takarda kuma ake fara ɓata shi.

Farko dole aikin ya kasance a cikin kasafin kuɗin shekarar, wanda kansiloli suka amince da shi, kuma a ce kuɗin na nan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta 2000, wadda ke aiki a kan ma'aikatan gwamnati a kowane mataki har da ƙaramar hukuma, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ga jami'in da ya sa hannu a kwangilar da ba ta cikin kasafi, ba amincewa, ba kuɗi a ƙasa.

Daga nan sashen ayyuka zai auna wurin, ya fitar da zane, ya kuma rubuta jadawalin kaya da farashi, wanda ma'aikata ke kira BOQ idan gini ne, BEME idan hanya ce ko magudanar ruwa. Wannan jadawali shi ne ran kwangilar. A ciki ake rubuta zurfin tushe, yawan bulo da girmansa, kaurin rodi, haɗin kankare, kaurin kwanon rufi, har adadin ƙofofi da tagogi. Duk abin da ba a rubuta a nan ba, babu mai iya tilasta wa ɗan kwangila ya yi shi gobe.

Sai talla. Asalin dokar tarayya ta ce a buga a jaridu biyu na ƙasa da allon sanarwa na ofis, a ba da mako shida. Gyaran da aka yi mata a 2020 ya rage wa'adin zuwa mako huɗu. Ƙananan ayyuka ba sai an kai su jaridar ƙasa ba, amma ko su ana buƙatar farashi daga aƙalla kamfanoni uku da ba su da alaƙa da juna. Tallar za ta faɗi takardun da ake so: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), shaidar biyan haraji ta shekara uku, rajistar 'yan kwangila ta jiha, shaidar ayyukan da kamfani ya taɓa yi, da takardun injiniyansa mai rajistar COREN, hukumar kula da injiniyoyi. A manyan ayyuka akan nemi jinginar banki da ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin da ka saka ba, don kada ka ci kwangila ka janye.

Kowa zai jefa tayinsa a rufe cikin akwati mai makulli. Da cikar wa'adi, nan take a buɗe a gaban masu nema da duk wanda ya zo kallo, a kira sunan kowane kamfani da kuɗin da ya saka da babbar murya, a rubuta, waɗanda suka halarta su sa hannu. Dokar tarayya ta ƙara da cewa a gayyaci 'yan sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru ta fannin, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin yaƙi da rashawa. Ƙungiyarku ta riƙa tura wakili wannan zama da biro da takarda. Farashin da aka kira a gaban mutum ashirin yana da wuyar sauyawa da daddare.

Bayan haka kwamitin tantancewa ya duba, ya kai rahoto ga kwamitin ba da kwangila. Idan kuɗin ya wuce iyakar ƙaramar hukuma, sai an samu takardar amincewar hukumar kwangila ta jiha kafin a ci gaba. Sannan a fitar da takardar ba da aiki, a sa hannu a yarjejeniya, a miƙa fili. A lokacin ne tifa za ta zo.

Tambaya: Ni kansila ne. An kawo mana aikin magudanar ruwa mai tsawon mita 900 an yanka shi gida shida, kowanne da kamfaninsa. An ce don a taimaki matasa da yawa ne. Wani aikin kuma an ce ma'aikatanmu za su yi da kansu. Ya halatta?
Wani kansila, jihar Katsina

Amsa: Ranka ya daɗe, raba babban aiki kashi-kashi ba laifi ba ne idan an tallata shi gaba ɗaya, an faɗi cewa kashi shida ne, kowa ya nemi wanda yake so, kuma aka kai jimillar kuɗin gaban wanda ke da ikon amincewa da ita. Laifin shi ne a yanka aikin don kowane yanki ya faɗo ƙasa da iyakar ciyaman, a kauce wa talla da idon jiha. Sashe na 58 na dokar tarayya ya ambaci wannan da sunansa cikin laifuffuka, tare da haɗa baki wajen saka farashi. Hukuncin jami'in gwamnati ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, da kora daga aiki. Kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Gane shi ba wuya. Ka nemi takardun CAC na kamfanonin shida ka dubi sunayen daraktoci da adireshi. Ka dubi ranar da aka ba da kowanne. Ka dubi ko kowane farashi ya tsaya daf da iyakar.

Ta fuskar aikin kansa ma akwai illa. Magudanar ruwa gangara ɗaya take bi daga sama har inda za ta zubar. Idan mutum shida suka haƙa, kowa da ma'auninsa, a mahaɗa ake samun tudu, ruwa ya kwanta, yashi da leda su cika wurin, damina ɗaya ta koma gidajen mutane.

Aikin da ma'aikatan ƙaramar hukuma za su yi da kansu an yarda da shi a ƙananan gyare-gyare, idan da gaske sashen ayyuka na da ma'aikata da kayan aiki. Sai dai nan ne kuɗi ya fi zurarewa, domin ana ba jami'i kuɗi a hannu, babu jingina, babu wanda za a riƙe wa ko kwabo idan aikin ya lalace. Ku nemi ƙiyasin da aka amince da shi, rasiɗan sayen kaya, takardar shigar kayan sito, da jerin leburorin da aka biya.

Tambaya: An ba wani aikin gina mana ajujuwa biyu da ofis. Mun ji an ba shi kuɗi, ya kai ginin linta, yau wata goma sha ɗaya ba mu sake ganinsa ba. Yara na zaune a gindin bishiya. Ina za mu dosa?
Wata shugabar makarantar firamare, jihar Bauchi

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da ba ki yi shiru ba. Abu na farko, ki gano mai aikin. Ginin firamare na iya fitowa daga ƙaramar hukuma, ko daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da tallafin takwararta ta tarayya (UBEC), ko ya zama aikin mazaɓa na ɗan majalisa wanda wata hukumar tarayya ta bayar. Kowanne da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Allon da ake kafawa a bakin aiki ya kamata ya nuna wanda ya ba da aikin, kamfanin, da wa'adi. Idan babu allo, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sani.

Kuɗin da kuka ji an ba shi, kafin alƙalami ne. Dokar tarayya ta fara da kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 ya kai shi kashi 30 ga kamfanonin cikin gida. Amma ba kyauta ba ne, kuma ba a bayar da shi hannu sake. Sai kamfani ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora da ta rufe kuɗin, da wata ta tabbacin kammala aiki da ba ta gaza kashi 10 cikin ɗari ba. Bayan wannan ba a ƙara biyan komai sai injiniya ya je ya auna abin da aka yi ya ba da satifiket.

A ɗauki misali aikin naira miliyan 40 ne. Kafin alƙalami miliyan 12. Idan an bi ƙa'ida, ranar da mutumin ya gudu hukuma za ta rubuta masa gargaɗi, wa'adi ya cika ta soke kwangilar, ta auna abin da ke ƙasa, ta je banki ta karɓo ragowar kuɗinta, ta ba wani ya ƙarasa. Abin da ke hana haka yawanci ɗayan uku ne. Ko dai tun farko ba a karɓi lamunin ba. Ko an karɓa amma an bar wa'adinsa ya ƙare ba a sabunta ba. Ko kuma, wanda ya fi muni, an ba da satifiket na aikin da ba a yi ba, takarda na cewa an yi rufi alhali ko katako ba a ɗora ba. A wannan hali na uku ɗan kwangila ba shi da dalilin dawowa, ya riga ya karɓi fiye da abin da ya kashe.

Akan kuma samu akasin haka: ya yi aikin da ya fi kuɗin da aka ba shi, hukuma ce ta kasa biya. Kada ku yanke masa hukunci sai kun ga takarda.

Ku rubuta wasiƙa da sunan kwamitin kula da makaranta, ku nemi kwafin takardar ba da aiki, BOQ, da jerin kuɗin da aka biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi. A buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku ɗauki hotunan ginin da kwanan wata. Idan shiru ya yi yawa, ku kai kwafi ga hukumar kwangila ta jiha, da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi, da ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu tana mayar da 'yan kwangila bakin aiki. Ku hanzarta, domin bulon da ya sha damina biyu ba rufi ba shafe, wanda zai ƙarasa sai ya rushe wani ɓangare.

Tambaya: Kwalbatin da aka yi mana bara, ruwan farko na bana ya karya shi. Laifin wa ne a doka?
Wani manomi, jihar Zamfara

Amsa: Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Laifin na iya zama na mai zane, ko na mai gini, ko na wanda ya duba ya sa hannu, kuma karayar da kanta takan nuna.

Idan ruwa ya haura ta samansa ya cinye hanyar ta gefe, ramin ya yi wa ruwan wurin kaɗan, wato ba a auna girman kwarin ba tun a zane. Idan ta ƙasa ruwan ya rarake har kwalbatin ya zauna, to ba a yi masa daɓen kankare a mafita ba, ko an rage fikafikan da ke tare ƙasa a gefe. Idan kuwa saman ne ya tsage, ka ɗauki ɓaraguzan ka murza. Kankaren da ya marmashe a hannu an cuce shi a siminti. Haɗin da aka fi rubutawa shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, kusan buhu 6 da ɗoriya a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Masu ha'inci kan mayar da shi buhu 4, su cika ruwa don ya yi saurin zuba. Ka dubi rodin da ya fito: inda aka rubuta mai kaurin milimita 16 sai ka tarar da 12 ko 10, an kuma buɗa tazararsa. Sannan kankare na son a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa bai cika sai kwana 28. Wanda aka saki tifa ta hau shi a kwana na huɗu ya riga ya samu rauni a ciki. Cikon jar ƙasa na gefe ma sai an zuba kaɗan-kaɗan ana daddanne shi, ba a juye tifa guda a baje ba.

Yarjejeniyar kwangila ta san da irin wannan. Akan riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki har wa'adin gyara ya wuce, galibi wata shida, wani lokaci shekara. Duk abin da ya lalace a ciki ɗan kwangila zai gyara da kuɗinsa. Ra'ayinmu shi ne duk aikin ruwa a rubuta masa wa'adin da zai haɗa da damina cikakkiya, domin kwalbatin da aka gama a Nuwamba, wata shida zai cika tun ruwa bai yi ƙarfi ba. Ku kai rahoto a rubuce yanzu, ku tambaya ko an saki kuɗin riƙon, da sunan wanda ya sa hannu a satifiket na kammalawa. Idan injiniya ne mai rajista, COREN na sauraron ƙorafi a kan mambobinta.

Tambaya: Na fi kowa araha a ranar buɗe tayi, amma aka ba wanda ya fi ni da miliyan uku. Kuma kowa ya san ƙanin wani babba ne a sakatariya.
Wani ɗan kwangila, jihar Kaduna

Amsa: Alhaji, doka ba ta ce a ba mafi araha kawai ba. Ta ce mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa bayan tantancewa. Shaidar haraji da ta ƙare, shafin BOQ da ba ka cika ba, ko rashin sa hannu, kowanne na iya fitar da kai. Kana da haƙƙin ka nemi a gaya maka dalili a rubuce. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a auna ka da sharaɗin da ba ya cikin takardar neman tayi.

Lokaci ne ke kashe irin wannan ƙorafi. A tsarin tarayya kana da ranakun aiki 15 daga sanda ka sani ka rubuta wa shugaban hukumar da ta ba da aikin, shi ma ya amsa cikin 15. Idan ba ka gamsu ba, ranakun aiki 10 ka ɗaukaka zuwa hukumar kwangila, ita kuma ta yanke cikin 21, sannan kotu cikin kwana 30. Ka duba kwanakin da dokar Kaduna ta sa, ka rubuta yau.

Batun ƙani kuwa, zama ɗan'uwan jami'i bai hana mutum neman aiki ba, amma dole jami'in ya bayyana alaƙar ya kuma janye daga zaman. Jadawali na biyar na tsarin mulki ya hana ma'aikaci, har da ciyaman da kansila, sa kansa inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Idan kuma kamfanin nasa ne a ɓoye, sashe na 12 na dokar ICPC ya tanadi shekara 7. Hujja za ka kai, ba "kowa ya sani" ba.

Tambaya: Na gama ginin asibitin sha-ka-tafi an karɓa, saura kuɗina. Sabon ciyaman ya ce ba shi ya ba ni aikin ba.
Wani ɗan kwangila, jihar Sakkwato

Amsa: Da ƙaramar hukuma ka ƙulla yarjejeniya, ba da mutumin da ya sauka ba, bashin na nan a kanta. Dokar tarayya ta ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya da satifiket a matsayin jinkiri, wanda ke jawo ƙarin da aka rubuta a yarjejeniya.

Ƙarfinka na cikin fayil ɗinka: takardar ba da aiki, yarjejeniya mai sa hannu, satifiket na kowane mataki, da takardar karɓar gini. Inda 'yan kwangila suka fi yin asara shi ne ƙarin aikin baki, ciyaman ya zo zagaye ya ce a ƙara katanga da rijiyar burtsatse, a yi ba takarda. Wannan da wuya ma'aji ya iya biyansa. Ka kuma tuna za a cire haraji daga kuɗin, har da VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ka karɓi shaidar cirewar.

Ka rubuta takardar neman biya, ka yi ƙoƙari ma'aji ko daraktan ayyuka ya amsa a rubuce cewa ana bin su wannan adadi, ka nemi a saka bashin a kasafin shekara mai zuwa. Amsar nan ta rubuce na da amfani biyu: hujja ce, kuma tana sabunta lissafin wa'adin shigar da ƙara, wanda a galibin jihohi shekara 6 ne, a wasu 5. Dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama sun ce sai an ba hukuma sanarwar wata guda kafin a maka ta a kotu, kuma akan kori ƙara saboda tsallake wannan kaɗai. Ka sa lauyanka ya fara da ita, ya kuma duba ko yarjejeniyarku ta ce a je sulhu kafin kotu.